Ranar da Ikkilisiya Ta Koma Kicin

Deptford, Landan
Ranar Alhamis

Zuwa ga 'yata Rahila,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji, wanda ya riƙe ki tun kina cikin zanen goyo har yau da kike ɗaure kaya. Ina roƙonsa ya kai ki Glasgow lafiya, ya tsare ki a jirgin ƙasa da kan titi, ya haɗa ki da maƙwabta na kirki, ya sa hannunki ya zama sanadin sauƙi ga marasa lafiyar da za ki yi jinya. Amin.

Ɗakinki yana jikin nawa, amma ga ni ina rubuta miki wasiƙa kamar kina Kafanchan. Dalili kuwa, in na buɗe baki faɗa ke fitowa, alƙalami ya fi ni haƙuri. Da gangan na rubuta da Hausa. Na san kina ji sarai, amsawa ce kawai kike yi da Turanci. Inda kika kakare, ki kai wa mamanki ta karanta miki. Kada ki kai wa Iliya.

Ga shi na ambaci sunansa tun ban yi nisa ba. To, bari in faɗi abin da ke cina. Ranar Talata ina falo, kina waya a kicin, na ji kin ce, "To, Baba. Na gode, Baba." Na ɗaga kai zan amsa, sai na gane ba da ni kike ba, da Fasto Iliya kike. Shi ya ce ki buɗe flat ɗinki a Glasgow ga 'yan tsirarun masu bi da ke can su riƙa taruwa. Shi zai ɗora miki hannu ranar Lahadi a gaban jama'arsa. Shi kuma kike kira Baba da muryar da rabona da jin ta tun kina firamare. Sau biyu kika gayyace ni, sau biyu na ce ƙafata na ciwo. Ƙafata lafiyarta lau. Kishi ne, Rahila, kuma ya girme ki. Ba na so ki tafi kina zaton ba na ƙaunarki, ba na kuma so ki tafi a matsayin 'yar wani. Shi ya sa zan buɗe miki cikina.

Kin tashi kin san ni tsoho ne mai baƙar kwat, da ke tsaye a ƙofar wani ofis a Aldwych yana duba katin masu shiga. Ba don wannan na zo garin nan ba. A makarantar tauhidi a gida ni ke zuwa na ɗaya, ina karanta Helenanci, harshen da aka rubuta Sabon Alkawari da shi, kamar ina shan kunu. Turo ni aka yi in yi digirin dakta a kan yadda ikkilisiya ta fara da yadda ta yaɗu. Na yi shekara biyu ina aiki kamar jaki. Rannan a laburare na ci karo da sabon littafi da wata mace ta rubuta, wadda ba ta kai ni shekaru ba. Abin da nake son faɗa ta faɗa, ta kuma fi ni iya faɗarsa. A tsaye na karanta rabinsa, gumi na keto mini a cikin sanyin Landan. Wata uku na yi ban ƙara layi ɗaya a nawa aikin ba, ina ta farautar kuskure a nata. Malamin da ke duba aikina ya ce duniya ba ta yi ƙanƙantar da za ta kasa ɗaukar littafi biyu ba. Ban ji ba. Na ce in ba ni ne na farko ba, na fasa. Yau daga inda nake tsayawa ina hango ƙofar jami'a, ina kallon yara sa'anninki suna shiga da jakunkuna, kowane ɗayansu ina jin kamar kujerata ya hau.

Don haka, in kika tarar da wadda ta fi ki iya sa allura ko iya magana da majinyaci, ki matsa kusa da ita ki koya. Kada ki tsaya daga nesa kina jiran ranar da hannunta zai goce. Masu iya magana sun ce hassada ga mai rabo taki ce. Abin da ba su faɗa ba shi ne, mai yin ta daga gonarsa yake kwasar takin yana kaiwa.

Duk da haka abin da na karanta bai bar kaina ba, kuma tunda ɗaki za ki buɗe, gara ki ji shi daga bakina kafin ki ji shi a gurguje daga bakin wanda na koya wa. Masu bi na farko ba su da gini. 'Yan kaɗan ne a Urushalima, masunta da mata da 'yan ƙauye, suna taruwa a gidajen juna, su yi addu'a, su ci abinci tare. Da aka tsananta musu suka watse, kowa ya tafi da labarin a bakinsa, kamar yadda mai gudun gobara ke ɗauke da garwashi a gefen riga bai sani ba. Fatake suka kai shi kasuwanni, bayi suka kai shi gidajen iyayengijinsu, mata masu hali suka buɗe ɗakunansu. Sama da shekara ɗari biyu kusan haka ake yi, daga wannan gida zuwa wancan. Har akwai wani gida da masu tono suka gano a bakin kogin Yufiretis, inda aka rushe bangon da ke tsakanin ɗaki biyu don jama'a su sami wurin zama. Abin da ya ja mutane ba ƙwarewar masu wa'azi kaɗai ba ce. Sun ga in annoba ta shigo gari, waɗannan mutanen ba sa gudun marasa lafiya. Sun kuma ga bawa da ubangidansa, Bayahude da Bahelene, suna miƙa hannu a akushi ɗaya. A duniyar da kowa ya san da wa zai ci da wanda ba zai ci da shi ba, wannan shi ne abin al'ajabin. A kansa na so in rubuta littafina.

Da littafin ya gagara, sai na ce zan rubuta shi da mutane. Kina da shekara huɗu muka fara zumunta a falon nan, mu goma sha ɗaya, duk 'yan Arewa, muna sujada da Hausa. Na je kasuwar Deptford na sayo wani ƙaton tire na ƙarfe, wanda sai da na karkata shi kafin ya shiga ƙofar bas. Bayan sujada mamanki ta jera malmalar tuwo a kai, tukunyar miyar kuka a tsakiya, kowa ya wanke hannu ya matso, maza da mata, abin da ko a gida ba a cika yi ba. Ni na kafa wannan doka. Ina so ki riƙe wannan: ni na kafa ta.

A wannan kasuwar na tsinci Iliya. Na ji wani yana zagin tsadar doya da Hausa, na juya na ga ƙaton mutum mai kimanin shekara talatin, ido jajur. Wanke bas yake yi a gareji. Ko sakandare bai gama ba, ga i'ina. Da na kawo shi, mutanenmu suka ja baya, domin wasu sun san shi tun gida da shaye-shaye da faɗa. Wata ma ta ɗauke jakarta ta ɗora a cinya. Ni na tsaya masa. Na ce wanda ya ƙi Iliya, ni ya ƙi. Shekara biyar kowace Asabar yana zaune a teburin nan ina koya masa, yana bin layi da yatsa kamar ɗan aji ɗaya.

Kuskurena a nan ba ya ganuwa daga waje. Na ɗauko shi ne don in sami wanda zai riƙa ce mini Malam. Da farko mutane kan ce, "Malam Ayuba da Iliya sun zo gaishe mu." Ban san ranar da abin ya juya ba, sai dai na ji wata tana cewa, "Iliya da Malam ne suka zo asibiti." Na kwana uku ina juya maganar. Shi ke zuwa asibiti, shi ke raka mutane ofishin council, wato hukumar unguwa, shi ke ɗaukar katifa a ka in wani zai tashi daga gida. Ni kuwa ina gida ina shirya darasi. Amma ba wannan na gani ba, jerin sunaye na gani. Rahila, in kin taimaki mutum, ki sa a ranki tun ranar farko cewa zai iya wuce ki. In ba za ki iya ɗaukar wannan ba, ba taimako kike yi ba, yaron gida kike nema.

Sannan baƙi suka fara shigowa. Mista Desmond, mutumin Jamaika da ke ƙasanmu, ya hauro wata Lahadi don ya yi ƙorafin hayaniyar waƙa, Iliya ya miƙa masa kujera, bai sake fashi ba. Anti Grace ta zo, 'yar Gana, da Hausarta ta zango, tana ce wa mamanki, "Kai, Maman Rahila, ka iya miya!" Iliya ya jawo abokan aikinsa biyu 'yan Kwango. Ina wa'azi da Hausa, yana tsugune a gefensu yana juya musu da guntun Turancinsa. Falo ya cika har bakin ƙofa. Na yi murna, amma murnar mai shagon da ya ga ciniki na tafiya ta hannun yaronsa.

Yanzu na zo ga ranar. Kina da shekara tara, ban san abin da kika riƙe ba.

Manyan baƙi biyu suka zo daga gida, suka ce za su yi sujada da mu. Ɗayansu Rabaran Markus ne, ɗan ajinmu, wanda a da yake kwafar aikina na Helenanci. Yanzu ya zama babba, ga farar kwala a wuya, ga tumbi, ana riƙe masa jaka. Ni kuma mai gadi. Abu ɗaya ya rage mini da zan nuna masa: ikkilisiyata, tsaf, ta Hausa zalla, mai ladabi irin na gida. Sai na tuna Mista Desmond bahago ne. Da hagu yake yankar tuwo a tirenmu, mu mun saba, har muna tsokanarsa. Na hango fuskar Markus in ya ga hannun hagu ya nufi miyar da zai ci. Na hango labarin da zai kai gida.

Ana gama addu'ar rufewa na ja mamanki gefe na ce, "Waɗanda ba sa jin Hausa, ki zuba musu a faranti, ki ba su cokali, su ci a kicin. Za su fi sakewa."

Ta dube ni ta ce, "Malam, su ne za su fi sakewa, ko kai?"

Na ce, "Ki yi abin da na ce."

Ta yi. Har da Anti Grace, wadda ke jin Hausa, don na ji kunyar irin Hausarta.

Muka kewaye tire. Iliya ya wanke hannu, ya duba dama, ya duba hagu. Ya ce, "Malam, ina Desmond?"

Na ce, "Suna ciki. Ci abincinka."

Sai ya miƙe tsaye. I'inarsa kan tsananta in ransa ya ɓaci. Ya ce, "Ma-malam, ba kai ka koya mana ba, wancan makon? A-Antakiya?"

Gaskiya ya faɗa. Mako biyu kafin nan na koyar da labarin. A Antakiya aka fara kiran masu bi Kirista, a can kuma Yahudawa da sauran al'ummai suka fara cin abinci tare a fili. Wani babban manzo yana ci da kowa, har ranar da baƙi suka zo daga Urushalima. Da ganinsu ya janye jiki, ya koma cin abinci da 'yan'uwansa Yahudawa kaɗai, saura suka bi shi. Sai wani da ya shigo bangaskiya daga baya ya tashi ya tsawata masa a gaban kowa. Na ce musu da wannan mutumin ya yi shiru a ranar, da bishara ta tsaya a cikin kabila ɗaya, da ba ta iso Kafanchan ba balle Deptford. Babi guda na rubuta a kan wannan. Amma wanzami ba ya son jarfa.

Na ce, "Iliya, zauna. Kai za ka koya mini Antakiya? Rubuta sunan garin in gani."

Markus ya yi dariya har tumbinsa na rawa. Na ji daɗin dariyar nan, Allah ya gafarta mini.

Iliya ya sunkuya ya ɗauki malmala ɗaya a tafin hannunsa, da zafinta, ya wuce kicin. Sai wata tsohuwa ta ce ƙafarta ta yi sanyi, bari ta ɗan miƙe. Ba ta dawo ba. Wani ya ce zai ɗebo ruwa. Ɗaya bayan ɗaya, kowa da malmalarsa a hannu. Daga ƙarshe mamanki ta zo, ba ta dube ni ba, ta sa tsumma ta ɗauke tukunyar miya daga tsakiyar tiren. Ke kuma kika bi ta. Kicin ɗin da mutum uku ke takura a ciki ya ɗauki mutum ashirin da wani abu, wasu a ƙasa, Desmond a kan injin wanki. Muna jin dariyarsu, can suka ɗauki waƙa, rabi da Hausa rabi da Turanci.

Muka rage mu uku, da tire, da tuwo gaya. Markus ya share hannu ya ce, "Ayuba, da alama ikkilisiyarka ta yi ƙaura."

Daga inda nake zaune zuwa ƙofar kicin taku bakwai ne. Na ƙirga daga baya, ba sau ɗaya ba. Da na tashi na ɗauki tiren na bi su, da dariya za a yi, a matsa mini wuri, maganar ta mutu a nan. Ban tashi ba.

Washegari da rana Iliya ya same ni a Aldwych, ya durƙusa a gefen titi, Turawa na ratsa shi suna kallo. Ya ce, "Malam, ka yafe mini yadda na yi. Amma abin da na yi, ko gobe zan sake." Na ce masa tunda ya zama manzo, ya je ya kafa tasa. Ban zaci zai iya ba. Suka fara a ɗakin Anti Grace, suka koma zauren wata makaranta, yau ga su a ginin da kika sani, ana sujada sau biyu don wuri ba ya isa. Nawa falon ya koma mutum shida, ya koma huɗu. Mamanki ta yi shekara guda tana zaune da ni, sannan wata Lahadi ta ɗaura ɗankwali ta ce, "Malam, ni na gaji da yi wa kujeru waƙa." Ta kama hannunki kuka tafi cocin Iliya.

Kada ki ɗauka na huce. Har yau in mamanki ta dawo tana ba ni labarin wa'azinsa, nakan ce, "Wannan nawa ne. A teburin nan ya ji shi." Takan ce, "To, ai gara da ya ɗauka, a wurinka ƙura yake sha." Bai san harafin Helenanci ko ɗaya ba. Ni na yi noma, shi yake shan sabon gero, kuma in na ga hotonsa a jikin tashar bas sai in sauya hanya. Ban ce wannan daidai ba ne. Na ce haka yake.

Akwai wani mutum a cikin masu bi na farko da na fi tunani a kansa fiye da kowa. Shi ya tsaya wa wancan mai tsawatarwar tun kowa na tsoronsa, domin a da mai tsananta wa ikkilisiya ne. Shi ya je har garinsu ya ɗauko shi ya kawo shi Antakiya. Da farko sunansa ake fara ambata, daga baya aka juya. A ranar abincin nan shi ma ya bi masu janyewa. Can gaba suka yi saɓani suka rabu, labari ya bi wanda aka ɗauko, shi kuwa da ya ɗauko shi ya shige duhu. Shekara da shekaru ina so in san ko ya yi kishi sa'ad da labarin ikkilisiyoyin da ɗayan ya kafa ke iso masa. Ba a rubuta ba. Abin da na sani, da bai je ya ɗauko shi ba, da babu sauran labarin. Wani lokaci wannan kan sanyaya mini rai. Sau da yawa ba ya isa.

To, ga nasihata a kan ɗakin da za ki buɗe. Ranar da za ki fāɗi ba ranar tsanani ba ce, ranar da babban baƙo zai zo ce. Duk wanda kika ji sha'awar ɓoyewa a kicin don kada wani ya raina ki, shi za ki zaunar a damanki. In wanda bai kai ki karatu ba ya gaya miki gaskiya a gaban mutane, za ki ji kamar an watsa miki ruwan zafi. Ki tashi a lokacin, kafin zafin ya daskare ya zama dutse. Abin da taku bakwai zai gyara yau, gobe sai ya nemi shekaru. In kuma wata ta taso a ɗakinki ta fi ki jan mutane, ki buɗe mata ƙofa da hannunki. Ni ban iya ba, shi ya sa na san farashinsa.

Saura tiren. Da suka yi bikin cika shekara goma sha biyar, Iliya ya aiko a roƙe ni shi, wai su ajiye a gaba don tunawa da mafari. Na ce ya ɓata. Ƙarya na yi. Yana saman wadirob ɗina, naɗe da tsohon zanen mamanki. Jiya na sauko da shi, na wanke, na goge. Naki ne. Ba na ajiya a gaban coci ba ne, na cin abinci ne. Zai ba ki wahala a jirgi, ki karkata shi, zai shiga. In an tambaye ki inda kika samo, ki ce babanki ne ya ba ki, kuma ki faɗi wane baban.

Ranar Lahadi zan zo. Ba zan zauna a gaba ba, kuma ki gaya masa in ya kira ni kan dandamali zan fita. Mamanki ta ce akwai kicin a bayan ginin, inda Desmond ke raba abinci bayan sujada, wai ya yi furfura, har yanzu da hagu yake riƙe ludayi. Can zan nufa. Akwai maganar da ya kamata in gaya masa shekara goma sha tara da suka wuce. In Iliya ya gama ɗora miki hannu, ki zo kicin in ɗora nawa. Nasa zai riga nawa. Na sani, kuma ban ji daɗi ba. Amma ki zo.

Ubangiji ya tsare fitarki da shigarki, ya raba ki da sharrin hanya da na mutum, ya raba ki da ciwon da ya cinye mahaifinki. Ya cika ɗakinki har ki rasa inda za ki sa ƙafa, ya kuma ba ni zuciyar da zan ji labarin in yi murna. Ki sauka lafiya, 'yata.

Ni ne mahaifinki, wanda ya riga kowa jin kin ce Baba,
Ayuba